Sojojin Dalma da Kewar Jiya: Me Tsofaffin 'Yan Wasan Yaƙin Kan Tebur Suka Rasa?

Ɗan sojan bai kai tsawon babban yatsa ba, amma da aka ɗora mini shi a tafin hannu sai na ji nauyinsa, don da dalma aka zuba shi. Fentin gwiwar hannunsa ya koɗe, daidai inda yatsu suka shekara 30 suna kamawa. Mashinsa ya ɗan lanƙwashe. Ɗan faifan da yake tsaye a kai an manna masa yashi da gam, aka shafe shi da kore shar. Mai shi, wani dattijo Bature da muka yi maƙwabtaka da shi a Ingila, ya ciro shi ne daga gwangwanin biskit da ya shimfiɗa wa tsohon tawul, inda yake kwance tare da 'yan'uwansa wajen 200. Bai ce mini ga kayan wasansa ba. Cewa ya yi ga rundunarsa. Har ya faɗa mini ranar da wannan mai mashin ya tsaya shi kaɗai a bakin gada bayan duk 'yan sahunsa sun arce.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Mutum biyu su sami tebur, a al'ada ƙafa 6 tsawo, ƙafa 4 faɗi. Su shimfiɗa koren ƙyalle, su jera tsaunuka da itatuwa da gidajen kwali. Kowa ya fito da rundunar da ya harhaɗa da hannunsa, ya yi mata fenti da kansa. Da tef irin na tela ake auna tafiya: dakaru inci kaza, mahaya inci kaza. In an gwabza, dayis irin na ludo ne ke yanke wanda ya faɗi, da wanda ya dake, da wanda ya ranta a na kare. Littafin dokoki shi ke faɗin lambar da ake nema. Wasa ɗaya kan ci awa 3, fentin runduna ɗaya kuwa sai a yi watanni ana abu ɗaya.

Harkar nan yau ba ƙarama ba ce. Kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham, mai wasan Warhammer, ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a Disambar 2024. Gasa guda a Las Vegas kan tara ɗaruruwan 'yan wasa a zaure ɗaya. Amma in ka zauna da waɗanda suka fara tun shekarun 1970 da 1980, da yawansu za su ce maka wasan da suka sani ya tafi. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To mene ne bai yi musu daɗi ba a banar, alhali sojojin yanzu sun fi kyau nesa ba kusa ba, dokokin sun fi tsari, abokan wasa kuma sun fi yawa? Su kan ambaci dalma, su ambaci tsofaffin littattafai. Ni dai abin da na fahimta bayan na daɗe ina saurarensu shi ne, kewar da suke yi ta lokacin da wasan ba ya tafiya sai da yardar abokin karawarka ce. Kuma ba za a gane wannan ba sai an komo tushe.

Asalin abin ba wasa ba ne. A 1824 wani hafsan sojan Prussia, a ƙasar Jamus ta yanzu, mai suna Georg von Reisswitz ya kammala wani tsari da mahaifinsa ya fara, na horar da hafsoshi a kan taswira da 'yan guntayen ƙarfe masu launin ja da shuɗi. Jigon tsarin shi ne alƙalin wasa. Ɓangarorin biyu su rubuta umarni, alƙali ya karɓa, shi ya san abin da kowa ya ɓoye, shi zai ce ga abin da ya faru. Bayan Prussia ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka ari tsarin. A riƙe wannan alƙalin a zuciya, zai sake ɓullowa.

Wanda ya fitar da shi daga bariki ya kai shi ɗakin zama shi ne marubucin nan H. G. Wells, da ɗan littafinsa na 1913 mai suna Little Wars. A nasa wasan babu ma dayis. Wata 'yar igwar wasa ce mai sifirin, a ɗura mata guntun katako a harba, sojan da ya faɗi ya mutu. Manyan mutane masu gashin baki suna rarrafe a daɓe suna saiti. Wells mai ƙin yaƙi ne, hujjarsa kuwa ita ce duk wanda ya yi wannan ƙaramin yaƙin 'yan lokuta zai gane irin shirmen da ke cikin babban. Shekara guda bayan nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Zamanin da tsofaffi ke kira na zinariya ya faro ne bayan yaƙi na biyu. A Amurka Jack Scruby ya fara zuba sojoji yana sayarwa a California, ya kuma kafa mujallar masu wannan sha'awa a 1957. A Ingila kuwa cibiyar ita ce Southampton, inda mutum biyu suka haɗu: Tony Bath da Donald Featherstone. Featherstone tsohon sojan tankar yaƙi ne, likitan gashin ƙashi da jijiya, har ya yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Southampton aiki. A 1962 ya fitar da littafin da ya jawo dubban mutane cikin harkar, a shekarar kuma ya fara buga 'yar jaridarsa ta wata-wata, wadda ya riƙe har 1980. Bath ya kafa ƙungiyar masu wasan yaƙoƙin zamanin da, wato Society of Ancients, a 1965, tana nan har gobe.

Yadda mutanen nan suka yi wasa shi ne abin lura. Ba a shiga kanti a sayo runduna. Wasu a madafa suke narka dalma a tsohuwar tukunya su zuba a mazubin da suka yi da kansu, kamar maƙeran fari. Da kamfanin Airfix ya fara fito da ƙananan sojojin roba masu araha a kwali, sai yara suka samu shiga, amma wanda yake son mayaƙan da ba a yi ba sai ya ɗauki reza ya yanke kan wannan ya dasa wa wancan. Dokoki kuwa kowane kulob da nasa, shafi 3 ko 4 da aka buga da tafireta. Irin waɗannan dokokin cike suke da giɓi. Me zai faru in mahaya suka auka wa maharba da ke bayan shinge, rabinsu cikin kogi? Takarda ba ta faɗa ba. Sai mutanen biyu su dubi juna su ce, a hankalce me zai faru? Su daidaita, su ci gaba. In sun kasa, ga na uku a gefe da kofin shayi, shi ne alƙali. Abokin karawarka abokin aikinka ne, ku biyun kuke ƙera labarin. Hakan kuwa ya yiwu ne don kun san juna, kuma mako mai zuwa za ku sake haɗuwa a ɗakin taron unguwa ɗaya.

Gasa ce ta sauya lissafi, kuma tun da wuri. Featherstone da kansa ya shirya tarukan farko a Southampton a shekarun 1960, har da gasar ƙasa baki ɗaya. Da zarar mutumin Manchester ya zauna gaban mutumin Landan da bai taɓa gani ba, ga kofi a ajiye, to maganar "mu daidaita" ta zama wuya. Da dokar wa za a yi? Kuma yaya za a san rundunar nan ba ta rinjayi waccan tun kafin a jefa dayis ba?

Amsar ta fara fitowa a 1969 daga Phil Barker da abokansa na Wargames Research Group, waɗanda dokokinsu suka mamaye gasar yaƙoƙin zamanin da shekara da shekaru. Dabara biyu suka kafu da su. Ta farko maki: kowane irin mayaƙi da farashinsa, mai sulke ya fi marar sulke tsada, gogagge ya fi ɗan sa-kai, kowane ɗan wasa kuma a ba shi jimla ɗaya ya yi cefane da ita. Ta biyu jerin runduna: in ka zaɓi Rumawa, ga mafi ƙaranci da mafi yawan abin da aka yarda ka ɗauka na kowane iri, gwargwadon abin da tarihi ya nuna. Da wannan sai baƙo da baƙo su iya zama su kara, ko da rundunoninsu ba su taɓa haɗuwa a tarihi ba. A 1990 Barker ya fito da wani saukakken tsari mai suna DBA, runduna ƙungiya 12 kacal, a gama wasa cikin awa guda, a 1993 kuma DBM, wanda ya fi shi girma, ya biyo baya.

A nan akwai abin da ya faranta mini rai. Cikin jerin rundunonin DBM akwai ta Yammacin Sudan, wato yankin Afirka ta Yamma da ke kudu da Sahara, daga shekara ta 1000 zuwa 1591, shekarar da Maroko ta karya Songhai a Tondibi. Da kalmomin Hausa aka kira mayaƙan cikinta: 'yan lifidi, 'yan baka, 'yan mashi, zagi, 'yan bindiga. Wato akwai Baturen da ya zauna da buroshi mai gashi uku yana zana lifidi a jikin dokin da bai kai ƙwayar dabino ba, yana ƙoƙarin gane yadda barden Kano ko Borno yake shiga. Wannan ɓangaren na harkar, karatun tarihi don a yi fenti daidai, yana cikin abin da tsofaffi ke ganin ya yi ƙaranci.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, masu kewa kan manta cewa gardamar da suke kuka da ita yau ta girmi yawancinsu. Turancin Barker dunƙulalle ne, jimla ɗaya sai ta ci rabin sakin layi, kuma an sha raba hali a gasa kan ma'anar waƙafi guda. Tun a shekarun 1970 akwai masu zaɓar runduna ba don suna sonta ba sai don ta fi cin riba a maki. Featherstone kansa bai ɓoye ƙin da yake wa masu mayar da nishaɗi lissafin kimiyya ba. Ke nan ko a zamanin zinariyar akwai masu cewa zinariyar ta wuce.

Yawancin masu kewar yau kuwa ba 'yan zamanin Featherstone ba ne, yaran Warhammer ne. An kafa Games Workshop a Landan a 1975, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson. Mujallarsu White Dwarf ta fara fita a 1977, kantinsu na farko ya buɗe a unguwar Hammersmith ta Landan a 1978. Suka haɗa gwiwa da Bryan Ansell aka kafa Citadel, masu zuba sojoji, a garin Newark. A 1983 Ansell da Richard Halliwell da Rick Priestley suka fitar da Warhammer, yaƙin dodanni da bokaye da barade, a 1987 kuma Priestley ya rubuta Warhammer 40,000, na sararin samaniya. Wannan bugun na 1987 ya tanadi alƙalin wasa, mutum na uku da zai tsara labarin, ya ɓoye tarko, ya yanke hukunci. Ga jikan alƙalin Reisswitz ya dawo. Kamfanin ma ba shi da isassun motocin yaƙi na sayarwa, don haka mujallarsa ta koya wa yara yadda za su ƙera tankar yaƙi da fankon robar turaren hammata da cokalin roba. Duk tsohon ɗan wasa ya san labarin wannan tankar, kuma in yana ba da shi za ka ga idonsa ya canza. Kamfani ne ke ce maka ga shara nan, ƙera abinka.

A 1991 Tom Kirby, manaja a kamfanin, ya jagoranci sayen sa daga hannun Ansell, wanda a lokacin shi ne mai shi, a 1994 aka sa shi a kasuwar hannun jari. Aka koma sayar da babban kwali mai ɗauke da runduna biyu na roba da littafi da dayis, yaro ya buɗe ya fara a ranar. Alƙalin wasa ya ɓace daga dokoki, maki da jerin runduna suka maye gurbinsa. Dalma ma aka daina a shekarun 1990 saboda gubarta, aka koma wani farin ƙarfe, daga baya roba ta cinye kusan komai.

Manyan gasannin kamfanin na tsakiyar shekarun 1990 su ne tsofaffi suka fi ambata, kuma tsarinsu ya cancanci a dube shi da kyau. Ba cin wasa kaɗai ke ba da kofi ba. Akwai makin fenti. Akwai makin zaɓin runduna, inda ake duba ko ka kawo runduna mai kama da ta labari ko kuwa ka tattaro duk abin da ya fi ƙarfi ne kawai. Akwai kuma makin halin kirki, wanda abokan karawarka ne ke ba ka. Mutum zai iya lallasa kowa a tebur ya koma gida hannu rabbana, don ba wanda ya ji daɗin zama da shi. A ganina wannan yunƙuri ne na auna amana da lamba. Sun ga yardar da ke tsakanin 'yan kulob ba za ta bi su zauren baƙi ba, sai suka yi ƙoƙarin rubuta ta a takardar maki. Ya yi aiki wani lokaci. Amma yana da nasa ciwon: wanda aka ci kan huce haushi da rage wa wanda ya ci shi maki, abokai kuma su cika wa juna. Abin da ya sa manyan gasanni da yawa suka ware shi gefe ke nan.

Sai intanet ta zo ta ɗauke abu na ƙarshe, wato rashin sani. A da, in za ka je gasa ba ka san me za ka tarar ba. Labari sai wata-wata a mujalla, kowane gari da irin salon wasansa, dabarar da ka gano taka ce har sai an gan ta a tebur. Yanzu rundunar da ta ci gasa ranar Lahadi, kafin Litinin duniya ta ga jerinta, ranar Asabar mutum 20 sun kwaikwaya. Ana lissafa kason nasarar kowace runduna, kamfani kuma ya gyara maki sau da yawa a shekara. Ana jera gine-ginen tebur iri ɗaya a kowane layi don kada wani ya ce an cuce shi. Ana ajiye agogo irin na wasan ces, kowa da mintocinsa. Warhammer 40,000 ya kai bugu na 10 a 2023. Mutum ya kwashe wata 6 yana fenti, kafin ya gama an rage wa rundunar ƙarfi. Ba abin mamaki ba ne a ga wasu suna yin launi 3 da dokar gasa ta wajabta su tsaya nan. Ban ga laifin matasan da ke son wannan ba. Wasa ne na kaifin ƙwaƙwalwa, mai adalci, kuma baƙo daga Sifen zai zauna da baƙo daga Ostireliya su yi shi ba tare da tafinta ba. Amma wani wasa ne daban da wanda dattijona ya koya.

An ma gwada komawa baya, kuma gwajin ya koyar da abu. A 2015 Games Workshop ya rufe tsohuwar duniyar Warhammer bayan shekara 32, ya maye ta da sabon wasa mai suna Age of Sigmar. Dokokin shafi 4 ne, babu maki ko ɗaya. Ka kawo abin da kake so, ku daidaita da abokinka. A takarda wannan shi ne abin da masu kewa suka daɗe suna roƙo. Amma ƙura ta tashi. Wani ma ya banka wa rundunarsa wuta ya ɗauka a bidiyo. Wasu suka rubuta nasu dokokin don ci gaba da tsohon wasan. Masu shirya gasa suka ƙirƙiro nasu makin, a 2016 kamfanin ya dawo da maki a hukumance. Dalilin a fili yake. Cire maki ba ya dawo da amana. Amanar ta fito ne daga ƙanƙantar da'irar, daga sanin cewa wanda ke gabanka ya san gidanku. Wanda ya shiga kanti ranar Asabar neman wasa da duk wanda ya samu, maki ne kaɗai abin da ya haɗa su.

Akwai kuma abin da kewa ke rufewa. Dalma guba ce, yara kuma sun sha goge ta da fayil a teburin cin abinci. Zaurukan nan kusan maza ne zalla. Dokokin Warhammer na shekarun 1990 sun bar jarumi ɗaya a kan dodo ya share rabin runduna. Sannan wani kaso na kewar ba na wasan ba ne sam. Mutumin da ya haura 50 yana tuna Asabar ɗin da yake ɗan shekara 14, da kuɗin kashewa a aljihu da yini guda ba aikin fari ba na baƙi. Wannan kam ba bugun da zai dawo masa da ita, kuma ban raina masa ba.

Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda ba su tsaya a kuka ba. Wajen farkon shekarun 2010 wasu suka fara kiran kansu 'yan Oldhammer. Suna farauto tsofaffin sojojin ƙarfe a kasuwar intanet ta eBay, su jiƙa su a sinadari tsohon fenti ya fita, su sake sabo, su yi wasa da bugun 1987. Suna da taron shekara-shekara a harabar Wargames Foundry, kamfanin iyalan Ansell, kusa da Newark. Ba kofin zakara ake zuwa nema ba. Tebur ne manya, labari a rubuce, alƙali a tsaye. Ansell ya rasu a ƙarshen Disambar 2023, makonni kaɗan kafin kamfanin da ya gina ya dawo da tsohuwar duniyar kasuwa da sunan The Old World a Janairun 2024, har da sake zuba wasu sojoji daga tsofaffin mazubai. Kamfani ya gane kewa ma haja ce. Mazubin dai yana iya sayarwa, amma mutumin da za ka zauna da shi kai ne za ka nemo.

Ranar da dattijon ya koya mini wasan, mun kai wani wuri da mahayana suke son auka wa maharbansa, ga wata itaciyar soso a tsakani. Na ce suna hango su. Ya sunkuya, ya kwantar da kuncinsa a kan ƙyallen, ya rufe ido ɗaya yana leƙe ta bayan kan ɗan dokin, ya daɗe a haka. Littafin yana gefensa, bai ko taɓa shi ba. Ya ɗago ya ce rabinsu suna gani, rabi ba sa gani, kuma in shi ne jagoransu da ya auka, don rana na bayansa. Ya miƙo mini dayis. Maharbansa ne za su sha kashi in na ci, ya kuma san haka. Na jefa, 5 ta fito. Ya kwashe maharba 6 ɗaya bayan ɗaya ya kwantar da su a kan tawul, yana faɗa mini shekarar da ya yi wa kowanne fenti.